Gyaran ƙofar gida: abin da ke sa injin kakkarwa bayan an canza buji

A Maradi da Damagaram, matasa da dama na gyara motocinsu a ƙofar gida, suna bin bidiyon YouTube don rage kuɗin gareji. Canza buji ko matatar iska ba shi da wuya. Damuwar takan zo ne in an tada mota: injin na kakkarwa a tsaye, wani lokacin har ya mutu.

Nan take ake zargin man bumburutu, alhali sau da yawa laifin yana inda hannu ya taɓa.

Iskar sata ce kan gaba. Zafin rana kan busar da tiyon roba, taɓawa kaɗan sai ya tsage ko ya zame. Iskar da kwamfutar mota ba ta auna ba ta shiga, mai ya yi mata kaɗan. Akan ji ƙarar shan iska, na'urar bincike kuma ta nuna P0171. Wani kuma mantawa yake ya mayar da soket ɗin ma'aunin iska.

A tsofaffin motoci masu wayoyin buji, musanya biyu ya isa ya rikita injin. Akasarin masu silinda huɗu suna bin jerin 1-3-4-2.

Idan batir aka cire, wasu motocin sukan buƙaci ɗan gudu kafin su daidaita. Amma fitilar injin in tana ƙiftawa, a kashe mota a kira makaniki: ɗanyen mai na iya ƙona matatar hayaƙi, mai ɗan karen tsada.