Haƙurin Aiki da Haƙurin Jira: Darasin Fim Ga Mai Kallo a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Gabatarwa

An daɗe ana jayayya a ƙasar Hausa game da fim. Wasu na ganin ba abin da ya ke haifarwa sai lalacewar tarbiyya, wasu kuwa na ɗaukarsa a matsayin makarantar gyaran hali. Jayayyar ba ta tsaya a fatar baki ba, domin a 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai, a 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta janye shirinta na gina alƙaryar shirya fim a jihar, bayan sukar da malamai da dama suka yi. Manufar wannan maƙala ita ce ta binciko irin darasin da mai kallo ya kan ɗauka daga shahararrun finafinai, ta kuma samar da ma'aunin da za a rarrabe darasin da ke gina mutum da wanda ke sangartar da shi. An zaɓi ƙasar Boɗinga da Shagari ta Jihar Sakkwato ne saboda ƙasa ce ta manoma, mai kuma dogon tarihin koyarwa ta hanyar adabi.

Kunnen da Wa'azi Ya Horar

Mai kallo ba ya zuwa gaban fim da kunne fanko. Yana zuwa ne da abin da al'adarsa ta saba masa da shi. A Sifawa, kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana zaune a Boɗinga. Su da zuriyarsu, musamman Nana Asma'u, sun mai da waƙa hanyar isar da wa'azi ga wanda bai iya karatun littafi ba. Haka kuma Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, tun yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948, don ɗalibai su koyi labarin ƙasa cikin daɗin rauji.

Abin lura a nan shi ne, mutumin wannan ƙasa ya saba da cewa abu mai daɗin ji ya kan zo ɗauke da saƙo. Tatsuniyar da ya ji a ɗakin kaka tana da darasi, waƙar da ya ji a makarantar allo tana da gargaɗi. Shi ya sa idan aka tashi daga kallo, tambayar da a kan yi ita ce, "Me fim ɗin ya koyar?" Masu shirya fim na Hausa ma sun san haka, don haka su ke kiran sana'arsu faɗakarwa.

Yadda Fim Ya Iso

Fim ya fara isa ƙauyukan Arewa ta hanyar majigi, wato motar gwamnati da ke zagaya garuruwan hakimai tana haska hotuna da dare a fili. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen shirya irin waɗannan finafinai a 1939, kuma yawancinsu na koyarwa ne a kan tsafta da lafiya da noma. Wanda ya fi zama a bakin mutane shi ne Baban Larai na shekarun 1950, mai kira ga noman zamani. A cikin waɗannan shekaru ne kuma fatake 'yan Lebanon suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na birane. Daga baya talabijin ya zo, sai kaset na bidiyo, wanda ya ba ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano damar fitar da Turmin Danya a 1990. Yau kuwa fim yana cikin wayar hannu, kuma tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 tana shiga gidaje ta tauraron ɗan'adam. Ke nan abin da a da sai an je birnin Sakkwato a ke gani, yanzu yana aljihun saurayi a Shagari.

Ma'aunin Nazari

A 1974 masanin nan Kirk-Greene ya tattara halaye goma da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su, wato gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. A cikinsu haƙuri ne ya fi yawan fitowa a jigon finafinan da Hausawa suka so. Sai dai kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu da ya kamata a raba. Akwai haƙurin aiki, irin na mai dafa dutse, wanda ke iza wuta har ya sha romo. Akwai kuma haƙurin jira, na wanda ya naɗe hannu yana sauraron ranar da wani zai zo ya fid da shi. Da wannan rabe-rabe za mu duba misalai uku.

Misali na Farko: Mother India

Mehboob Khan ya shirya wannan fim a 1957, Nargis ce ta fito a matsayin Radha. Masanin ɗabi'ar al'umma Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna irin karɓuwar da fim ɗin ya yi a Arewa shekaru da yawa bayan fitowarsa. Labarin kuwa na bashi ne. Surukar Radha ta ci bashin rupi 500 daga hannun Sukhilala don hidimar biki, shi kuwa ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona da sunan ruwa. Mijin Radha ya rasa hannuwansa a wajen kawar da dutse a gona, kunya ta sa ya bar gari. Ambaliya ta zo ta cinye abin da ya rage. Duk da haka Radha ta ƙi sayar da mutuncinta ga mai bashi, ta ja garma da kanta, ta kuma hana mutanen ƙauye yin ƙaura.

Manomin da ya san abin da a ke nufi da cin bashi da damina a biya da kaka, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan labari. Haƙurin Radha na aiki ne, domin kowace wahala ta same ta sai a gan ta da fartanya. Bugu da ƙari, ƙarshen fim ɗin yana da nauyi na musamman a wannan zamani da 'yan bindiga suka addabi sassan Sakkwato da Zamfara. Ɗanta Birju, wanda zaluncin Sukhilala ya harzuƙa, ya shiga daji ya zama ɗan fashi, ya dawo ya kashe mai bashin, ya kuma sace 'yarsa. Uwar da kanta ta harbe shi. Darasin shi ne, zaluncin da aka yi wa mutum ba ya halatta masa zaluntar wanda bai ji ba bai gani ba.

Misali na Biyu: Shaihu Umar

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin, aka buga shi a 1934. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, an kuma sabunta kwafinsa aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Mahaifiyarsa ta bazama nemansa har ita ma ta faɗa bauta, ba su sadu ba sai dab da rasuwarta. A ƙarshe Umar ya zauna a Rauta yana karantarwa. Ba sarauta ya samu ba, ba kuma dukiya ba. Ilmi ne sakamakonsa, shi kuwa ilmi ba a tsintarsa a hanya. Ga al'ummar da ta taso a inuwar Sifawa, wannan ne irin gwarzon da ta fi sani, wato malamin da ya mai da jarrabawar rayuwarsa darasi ga almajiransa.

Misali na Uku: Jigon Tsintuwa

A cikin finafinan bidiyo na Hausa akwai wani jigo da ya yawaita. Marainiya ko talaka na shan wulaƙanci tun daga farkon fim, ba ya koyon sana'a, ba ya neman ilmi, ba ya neman haƙƙinsa, sai can a ƙarshe ɗan sarki ko attajiri ya bayyana, kome ya warware. A zahiri fim ɗin na yabon haƙuri ne, amma a baɗini yana koyar da jira. Haɗarinsa shi ne, yana sa matashi ya raina gonar ubansa da ƙaramar sana'ar hannunsa, ya ɗauka arziki tsintuwa ne. Bahaushe kuwa ya riga ya ce, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ba dukan finafinan Hausa ne haka ba, amma jigon ya isa a sa masa ido.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa asalin fim, ko na Indiya ne ko na Kano, ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne irin haƙurin da ya ɗaukaka, da kuma hanyar da gwarzonsa ya bi ya kai ga sakamako. Hana kallo ba mai yiwuwa ba ne tun da fim ya shiga waya, saboda haka nauyin ya koma kan malaman Hausa. Yadda a ke koya wa ɗalibi fid da jigo da warwararsa a rubutacciyar waƙa, haka ya kamata a koya masa ya tambayi fim: me gwarzon ya yi da hannunsa, wa ya biya kuɗin nasararsa, kuma wane hali cikin goman nan aka ɗaukaka? Ɗaliban manyan digiri kuwa, ga fili nan a buɗe: a je Boɗinga da Shagari da Sifawa a tattara abin da tsofaffi ke tunawa na majigi da silima, a kwatanta shi da abin da matasa ke cewa game da finafinan yau, tun waɗanda suka ga farkon al'amarin suna raye.