Da wane mudu za a auna mai neman shiga jami'a?

Ya kai mai karatu, ka san cewa a Nijar ɗalibin da ya gama sakandare yakan zauna jarrabawar bakaloreya, wadda ake kira BAC. Gwamnati ce ke shirya ta, kuma ita ce ƙofar shiga jami'a. A ƙasar Amurka abin ba haka yake ba. Babu jarrabawa guda ta gwamnati da ta game ƙasar duka. Kowace jami'a tana da sharuɗɗanta, kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke shirya jarrabawar da ake auna ɗalibai da ita.

Jarrabawa biyu da aka saba da su

Ta farko ita ce SAT, wadda ƙungiyar College Board ta fara a shekarar 1926. Makinta yana kamawa daga 400 zuwa 1600. Ta biyu ita ce ACT, wadda aka fara a 1959. Makinta daga 1 zuwa 36 ne. Dukansu suna gwada fahimtar karatu, da ƙa'idojin rubutu, da lissafi. Ɗalibi yakan biya kuɗi kafin ya zauna su.

Mi ya kawo gardama?

Masu suka suna cewa ɗiyan masu hali sun fi samun maki mai yawa, domin iyayensu na iya biyan malamin da zai shirya su, kuma suna iya sake jarrabawar sau da dama. Ɗan talaka ba shi da wannan dama. Da annobar korona ta zo a 2020, jami'o'i masu yawa suka daina tilasta jarrabawar. A 2021 Jami'ar Kalifoniya ta daina duba makin baki ɗaya wajen ɗaukar ɗalibai.

Daga baya waɗansu suka sake shawara. Jami'ar MIT ta maido da sharaɗin a 2022. A 2024 jami'o'in Dartmouth da Yale da Harvard suka bi sahu. Dartmouth ta bayyana cewa waɗansu ɗiyan talakawa sun ɓoye makinsu suna zaton bai isa ba, alhali da sun nuna shi da ya taimake su.

Jarrabawa ta uku

A 2015 wani malami mai suna Jeremy Tate ya ƙirƙiro sabuwar jarrabawa, CLT. Makinta mafi girma 120 ne. Nassoshin da ake bai wa ɗalibi ya karanta an ɗebo su ne daga littattafan manyan marubuta na dā, galibinsu na Turai. Da fari ƙananan jami'o'i masu zaman kansu ne suka karɓe ta, da yawansu na addinin Kirista. A watan Satumba na 2023 jihar Fulorida ta yarda jami'o'in gwamnatinta su karɓe ta tare da SAT da ACT.

Masu goyon bayanta suna cewa abin da jarrabawa ke tambaya shi malamai ke koyarwa, saboda haka za ta maido da karatun littattafai masu zurfi a makarantu. Suna kuma ganin bai kamata ƙungiyoyi biyu kaɗai su riƙe wannan harka ba. Masu adawa kuwa suna cewa sabuwa ce, ba a yi isasshen bincike ba da zai nuna ko mai maki mai yawa a cikinta zai yi ƙoƙari a jami'a.

Abin da ya kamata ka riƙe

Ka tuna da tiya a kasuwar hatsi. Mai saye da mai sayarwa ba sa yarda da sabuwar tiya sai an gwada ta da wadda kowa ya sani. Haka jarrabawa take: darajarta tana ga yadda aka tabbatar da awonta, da yawan waɗanda suka amince da ita.

Idan ɗanka ko ɗiyarka na neman karatu a Amurka, kada ka biya kuɗin kowace jarrabawa sai kun bincika sharuɗɗan jami'ar da ake nufi na wannan shekarar. Sharuɗɗan suna sakewa, kuma jarrabawar da wata jami'a ta karɓa, wata na iya ƙin ta.