Maƙalar da Ba Wanda Ya Rubuta

Pieter Kroonenberg, farfesan ilimin ƙididdiga a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, yana shirin aika aikinsa ga wata mujalla ta kamfanin Elsevier, sai ya buɗe ƙa'idojin da aka shimfiɗa wa marubuta. A sashen da ke nuna yadda ake jera manazarta ya ci karo da wata maƙala: Van der Geer da Hanraads da Lupton, shekarar 2000, mai taken "The art of writing a scientific article", wato fasahar rubuta maƙalar kimiyya, kundi na 163, shafi na 51 zuwa 59. Sunan farko ne ya tsayar da shi. Ya yi aiki da wani malami mai suna John van de Geer, masanin halayyar ɗan'adam da lissafin bincike, kuma bai taɓa jin cewa mutumin ya yi rubutu a kan dabarun rubutu ba. Sai ya ce bari ya nemo ta ya karanta.

Ya nema bai samu ba. Da ya sake duba sunan da kyau, sai ya ga harafi ɗaya ya bambanta: abokin aikinsa "de" ne, wannan kuwa "der". Ke nan ba shi ba ne. Sai ya koma kan mujallar da aka ce ita ta buga maƙalar. Akwai wata mai suna makamancin nata da ake bugawa a Italiya, amma a 2002 ta fara fitowa. Yaya za a yi ta buga maƙala shekara biyu kafin a kafa ta, har kuma ta kai kundi na 163?

Da a nan zancen ya tsaya, da an ce misali ne kawai aka ƙirƙira. Amma da aka duba Web of Science, babban rumbun da ke ƙirga yadda masana ke ambaton ayyukan juna, sai aka tarar an kafa hujja da wannan maƙala kusan sau 400. Mutum ɗari huɗu ba za su taru su yi mafarki iri ɗaya ba. Ko dai maƙalar tana nan a ɓoye, ko kuma akwai wata hanya da sunanta ke bi yana shiga cikin ayyukan mutane.

Kroonenberg ya kai maganar ga Anne-Wil Harzing, farfesa a lokacin a Jami'ar Middlesex da ke Landan, wadda ta daɗe tana nazarin ƙidayar ambato, kuma ita ta samar da manhajar Publish or Perish. A 2017 ta bi sawun abin. Ba ta fara da tambayar ina maƙalar take ba. Ta fara da tambayar su wa ke ambaton ta, kuma a ina.

Amsar farko ta taƙaita filin nema ƙwarai. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ambaton sun fito ne daga takardun tarukan ƙara wa juna sani, mafi yawansu a jerin Procedia da Elsevier ke bugawa. Amsa ta biyu ta fi ban mamaki. Da ta buɗe wasu daga cikin takardun, sai ta ga batutuwansu ba su da wata alaƙa da koyon rubutu: wani yana magana a kan sinadarai, wani a kan lafiya, amma ga Van der Geer tsaye a matsayin shaida. A wasu kuma sunan yana cikin jerin manazarta, amma ko sau ɗaya ba a ambace shi a cikin rubutun ba. Sau da yawa shi ne ke zaune a lamba ta ɗaya.

Wannan lamba ta ɗaya ce ta buɗe ƙofa. Masu shirya taruka kan aika wa mahalarta takardar samfuri, wadda aka riga aka tsara mata kanu da sakin layi da manazarta na misali, domin kowa ya goge abin da ke ciki ya zuba nasa. Van der Geer shi ne misali na farko a wannan samfuri. Marubuci zai goge rubutun sama, ya zuba bincikensa, ya ƙara manazartarsa a ƙasa, ya manta da waɗanda ya tarar, ko kuma ya zaci dole ne a bar su. Mai tacewa bai duba ba, edita bai duba ba, aka buga, na'urar ƙidaya kuma ta ƙirga. Harzing ta yanke cewa ba zamba ba ce: sakaci ne a rubutu da sakaci a tacewa. Misali na uku a samfurin, wani babi da aka jingina wa Mettam da Adams, shi ma ƙirƙirarre ne. Na biyun ne kaɗai littafin gaske, na Strunk da White, kuma zamansa a tsakiya ya ƙara wa sauran biyun kamar gaskiya.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne sauƙin da ke cikin kama wannan kuskure. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum. Jerin manazarta shi ne isnadin bincike, kuma tun shekarar 2000 ake da hanyar bin sa cikin daƙiƙa kaɗan. A shekarar ce ƙungiyar Crossref ta fara rajistar maƙaloli da lambar DOI. Kowace lamba tana farawa da 10, sai lambar wanda ya yi rajista, misali 10.1016 ta Elsevier, sai alamar tsaga, sai lambar maƙalar kanta. Idan mujalla ta sauya adireshin intanet, ana gyara adireshin a rajista, lambar kuwa tana nan yadda take. Ka sa ta a doi.org, ko ta kai ka ga maƙalar, ko ta ce babu. Van der Geer ba shi da rajistar da zai nuna.

Ruɗanin "de" da "der" shi ma yana da magani. A Oktoban 2012 aka ƙaddamar da ORCID, wadda ke ba kowane mai bincike lamba mai gurbi 16 kyauta, ta bi shi duk inda ya koma aiki, komai yadda aka rubuta sunansa. Mu da muke da Muhammad da Mohammed da Mahamadou, da Abubakar a Zariya da Aboubacar a Yamai, sau da yawa ma mutum ɗaya ne da rubutun suna uku a takardu uku, mun fi kowa buƙatar ta.

Sai dai kada a ɗauki rashin lamba a matsayin shaidar ƙarya. Littattafan Hausa masu yawa, da kundayen digiri da ke jibge a ɗakunan karatu na jami'o'inmu, da tsofaffin fitowar mujallun sassa, duk ayyukan gaske ne da ba su da DOI, domin rajista tana cin kuɗi kuma sai an sa aikin a intanet. Irin waɗannan, sai mai tacewa ya nemi marubuci ya nuna masa kwafi. Mujallun Afirka da dama da ke rumbun AJOL kuwa sun riga sun samu, lambobinsu na farawa da 10.4314, kuma editan da ke Kano ko Sakkwato yana iya gwada manazarta arba'in ɗaya bayan ɗaya kafin ya tashi daga kujera.