Layukan Waya Sun Fi Mutanen Duniya Yawa: Abin da Alƙaluman Ke Ƙirgawa, Daga China Zuwa Birnin Zazzau

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin mai cajin waya a Ƙofar Doka ko Babban Dodo ranar da aka ɗauke wuta, ya san yadda wayoyi ke jeruwa a kan tebur, kowace da 'yar takardar lamba manne a bayanta. A ce wayoyi talatin ne a jere. Masu su ba za su kai talatin ba, domin akwai mai babba da ƙarama, ɗaya ta shiga intanet, ɗaya ta amsa kira. Layukan da ke cikinsu kuwa za su iya haura hamsin, saboda Tecno da itel da Infinix ɗin da suka cika teburin kusan duk masu layi biyu ne. Wannan ɗan lissafin na teburin mai caji shi ne abin da ake mantawa idan aka ga labari cewa ƙasa kaza tana da masu amfani da waya miliyan kaza. Layi ake ƙirgawa, mutum ɗaya kuma yana iya shiga lissafin sau biyu ko sau huɗu.

Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ita ce ke tattara alƙaluman ƙasashe duk shekara. A ƙiyasinta na 2024, layukan wayar salula a duniya sun kai kimanin biliyan 9, alhali mutanen duniya sun cika biliyan 8 ne a watan Nuwamba na 2022. Ke nan layuka sun fi 'yan Adam yawa, har da jarirai da tsofaffin da ba su taɓa riƙe waya ba. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, tana ƙoƙarin ƙirga mutanen da kansu, ita kuma ta ce masu layi sun kai kusan biliyan 5.6 a ƙarshen 2023. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu, sama da biliyan uku, mafi yawanta layi na biyu ne da na uku a aljihun mutum guda.

Wa ke kan gaba

Idan yawan layuka ake magana, China ce ta ɗaya da sama da biliyan 1.7, ga jama'a biliyan 1.4. Kamfanin China Mobile shi kaɗai ya kai layi biliyan ɗaya a 2024. Indiya ke biye da sama da biliyan 1.1, kuma tun da kamfanin Jio ya shigo a watan Satumba na 2016 ya karya farashin data, kasuwar ƙasar ba ta koma yadda take ba. Daga nan sai Amurka da Indonesiya, kowacce da sama da miliyan 300. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan layuka. Babu abin mamaki a wannan jerin, tunda kusan jerin ƙasashe masu yawan jama'a ne.

Inda abin ke ɗaure kai shi ne idan aka raba layukan da yawan mutane, aka fitar da layi nawa ne ga kowane mutum ɗari. Hong Kong tana da kusan layi uku ga kowane mutum. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana da kusan biyu. Wurare ne na baƙi da 'yan kasuwa da ma'aikata 'yan ci-rani, waɗanda ke sayen layi da zarar sun sauka daga jirgi. Afirka ta Kudu ta haura layi 160 ga mutum ɗari, amma Kanada, da duk arzikinta, ba ta kai ɗari ba. Ba wai 'yan Kanada sun rasa kuɗin waya ba ne. A can mafi yawan mutane kwantiragi suke yi da kamfani guda, su biya a ƙarshen wata, sabis kuma yana kamawa inda suke zaune, don haka babu dalilin tara layuka. A inda ake sa kati kafin a yi kira, layi kuma yake da arha, sabis yake zuwa yana ɗaukewa, nan ne layuka ke yawa. Saboda haka yawan layi ga kowane mutum ba lallai ya zama shaidar ci gaba ba, wani lokaci ma shaidar rashin yarda da kamfani ɗaya ce. A ɗaya ɓangaren akwai ƙasashe irin su Nijar da Sudan ta Kudu, inda layukan ba su kusa kai yawan jama'a ba, a nan kam talauci da ƙarancin turakun sabis a karkara ne dalili.

Daga 069 zuwa layi biyu a kowace waya

Matashin da aka haifa bayan 2001 zai yi wuya ya gane yadda waya take a Zariya kafin zuwan salula. Lambar garin ita ce 069, kamar yadda Kaduna take da 062, Kano 064. Wayar tarho ta NITEL sai a ofisoshin gwamnati da Jami'ar Ahmadu Bello da gidajen masu hali. A faɗin Najeriya layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba. Mutumin Kwarbai ko Limancin Kona da ke son magana da ɗan'uwansa a Legas, ko dai ya nemi alfarma a gidan da ke da tarho, ko ya rubuta wasiƙa ya ba direba.

A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin salula, inda MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285, suka kuma fara aiki a watan Agusta na shekarar. Layi a lokacin sai da dubun-dubatar naira, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya, ko da daƙiƙa biyar aka yi. Globacom ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa, ya tilasta wa sauran bin sahu. Etisalat ya zo a 2008, ya koma 9mobile a 2017. Shi kuwa Econet ya sha sauya suna, Vmobile, Celtel, Zain, kafin ya tsaya a Airtel a 2010.

A cikin wannan gasar ne al'adar tara layuka ta kafu. Shekaru da yawa kiran layin kamfani ɗaya ya fi kiran na wani kamfani arha, ga garaɓasar kiran dare da ta data da kowanne ke yi a lokacinsa. Ga kuma matsalar sabis, wadda mazauna cikin ganuwa suka sani sarai: a lunguna masu cunkoson gidaje da katangu masu kauri, layin da ke kamawa a zaure yana iya ɗaukewa a ɗakin ƙurya, wani kuma ya kama. Mai ɗinkin babbar riga da ke jiran kiran mai kaya daga Kano ko Abuja ba zai jingina cinikinsa ga kamfani guda ba. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da itel da Infinix, ya gane haka da wuri, ya cika kasuwannin Afirka da wayoyi masu layi biyu. Apple bai saka layi biyu a iPhone ba sai 2018. An kawo tsarin sauya kamfani ba tare da sauya lamba ba a watan Afrilu na 2013, amma mutane da yawa sun ga ƙara sabon layi ya fi musu sauƙi.

Shekarar da layi miliyan 64 suka ɓace

A ƙarshen 2023 NCC ta ce layukan da ke aiki a Najeriya sun kai miliyan 224, wato sun ɗan zarce yawan jama'ar ƙasar. A watan Maris na 2024 suna miliyan 219. Da alƙaluman watan Satumba na shekarar suka fito, sai aka ga miliyan 154.6. Babu annoba, babu yaƙin da ya kwashe mutum miliyan 64 cikin wata shida, jama'a suna nan suna kiransu kamar kullum. Lissafi ne aka gyara.

Abu biyu suka haɗu. Na farko shi ne haɗa layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, wanda aka fara a watan Disamba na 2020 lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka yi ta ɗage wa'adi har zuwa na ƙarshe, 14 ga Satumba na 2024. Duk layin da ba a tantance ba an rufe shi. Hukumar ta ce a yayin aikin ta gano wasu mutane da ke da layi sama da 100,000 da sunansu. Na biyu shi ne binciken da NCC ta yi a kan yadda kamfanoni ke kawo mata rahoto. A ƙa'idarta, layi mai aiki shi ne wanda aka yi wani abu da ya kawo kuɗi da shi cikin kwana 90, kamar kira ko saƙo ko data. Ta ce ta samu wani kamfani yana ƙirga layi kusan miliyan 40 da suka daɗe a kwance a matsayin masu aiki. A sabbin alƙaluman, Globacom ya sauko daga kusan miliyan 62 zuwa miliyan 19, MTN ya tsaya a miliyan 78, Airtel kusan miliyan 54, 9mobile kuma ƙasa da miliyan 4. Zuwa ƙarshen 2024 jimillar ta sake hawa zuwa kusan miliyan 165.

Wannan ba shi ne karon farko da ƙirgar layi ta zama babbar magana ba. A watan Oktoba na 2015 NCC ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda layi miliyan 5.2 da ba a yi wa rajista ba, naira 200,000 kan kowane layi, kafin a sasanta a kan biliyan 330 a 2016.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren lissafin, wato yawan jama'ar da ake rabawa da shi. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, abin da ake amfani da shi yanzu ƙiyasi ne. Da NCC ta daina amfani da miliyan 190 ta koma miliyan 216, adadin layi ga kowane mutum ɗari ya faɗo daga kusan 115 zuwa kusan 102 ba tare da an rufe layi ko ɗaya ba. Bayan gyaran 2024 ya dawo kusan 71. Duk wanda ke kwatanta Najeriya da wata ƙasa a jadawalin duniya, ya kamata ya fara duba shekarar alƙaluman, don na 2023 da na 2024 kamar na ƙasashe biyu ne daban. Indiya ta fi sauƙaƙa wa mai karatu a nan: hukumarta, TRAI, tana wallafa jimillar layuka tare da adadin waɗanda suka hau sabis da gaske a kowane wata.

Waɗanda lissafin ke ɓoyewa

Layi 71 ga mutum ɗari ba ya nufin mutum 71 na da waya. Idan matashi ɗaya a Kaura yana riƙe da layi uku, ya cike gurbin mutum biyu da ba su da ko ɗaya. A gidaje da yawa na cikin birni waya ɗaya ce ke yawo tsakanin uwa da 'ya'yanta mata, wani lokaci ma da sunan maigida aka yi rajistar layin. Rahoton da GSMA ke fitarwa duk shekara yana nuna mata a ƙasashe masu tasowa suna bayan maza wajen mallakar babbar waya da shiga intanet, kuma tsadar wayar na cikin manyan dalilai. A ƙiyasin ƙungiyar na 2023, masu layi a Afirka kudu da Sahara ba su kai rabin jama'ar yankin ba. Sannan kusan rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba, amma da su ake raba lissafin. Layi kuma ba ya nufin sabis: a ƙarshen 2021, lokacin da aka katse sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro, layukan mutanen suna cikin wayoyinsu amma ko saƙo ba ya fita.

Layin da aka jefa a durowa

Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, mutane da dama sun rage sa wa layi na biyu kati. A nan ne maganar alƙaluma ke shafar aljihun mai waya kai tsaye. Layin da ya yi kwana 90 ba a taɓa shi ba yana fita daga lissafin masu aiki. Idan ya ci gaba da zama a kwance na tsawon watanni, kamfani yana da damar karɓe lambar ya sayar wa wani, domin lambobi ba su da yawan da za a bar su a banza.

Matsalar ita ce lambar ba ta tafiya ita kaɗai. Idan da ita aka buɗe asusun banki ko aka yi BVN, saƙon shigar kuɗi da lambobin sirri na tantancewa za su riƙa sauka a wayar sabon mai ita. Haka WhatsApp da Facebook da Gmail, duk wanda ke riƙe da layin shi zai karɓi lambar shiga. Ɗalibin da ya yi rajistar JAMB da layin da ya yar daga baya, ya san wahalar da ke biyo baya. Wanda ya yanke shawarar barin layi, gara ya fara zuwa banki ya sauya lambar, ya sauya ta a manhajojinsa, sannan ya cire shi daga waya. Wanda kuma yake son riƙe shi, kira ɗaya ko saƙo ɗaya duk bayan 'yan makonni ya isa. Danna *996# yana nuna ko layin na haɗe da NIN, *310# kuma yana nuna abin da ya rage na kati a kowane kamfani.