Shin waya za ta iya sauya manhajar ƙwaƙwalwar mota?

Matashi a Bichi ko Ɗambatta zai ga bidiyo a YouTube, an jona waya da mota ana cewa an ƙara wa inji ƙarfi. Sai dai karanta ƙwaƙwalwar mota daban, sake rubuta ta daban.

Ƙwaƙwalwar, wato ECU, ita ke ƙayyade yawan man da ke shiga inji da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da masu shan fetur a Turai tun daga 2001, suna da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiransa OBD-II.

Da ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhajar Torque, waya na karanta lambar matsala. P0301, alal misali, na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Iyakar aikinta ke nan: karantawa da gogewa.

Sake rubuta manhajar kuwa galibi sai da kwamfuta da na'ura irin KESS. Idan batir ya yi sanyi ana tsaka da aiki, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa, mota ta ƙi tashi. Daga nan sai Ƙofar Ruwa neman wata, ita ma galibi sai an daidaita ta da makullin motar. Ga motar da ke kai gero kasuwa, asarar ba ƙarama ba ce. Shi ya sa masana ke fara adana kwafin manhajar asali, su kuma jona batir da caja.