Dalilin da ya sa suwic ɗin Brocade da na Cisco ba sa shan inuwa ɗaya

A manyan bankuna da kamfanonin sadarwa, bayanan jama'a ba sa kwana a cikin kwamfutocin da ke aiki da su. Suna can cikin akwatunan ajiya na musamman, suwic ne ke sada ɓangarorin biyu ta wayoyin gilashi masu ɗaukar haske, bisa tsarin Fibre Channel. Rigima takan taso ne ranar da ma'aikata ta wayi gari da suwic na kamfanoni biyu, kamar idan bankuna sun haɗe. A 2005 bankunan Najeriya 89 suka koma 25, kuma a irin wannan haɗaka kowa da kayansa yake zuwa.

A rubuce dai an gama magana. Tun 2001 kwamitin T11 na Amurka ya fitar da ƙa'idar FC-SW-2, wadda ta tsara yadda suwic biyu za su gaisa, su zaɓi shugaba, shi kuma ya raba wa kowa lambarsa. Sai dai kowane kamfani ya ɗora nasa ƙarin a kan ƙa'idar, kuma da wannan ƙarin yake cin kasuwa.

Saboda haka, a da kafin a haɗa suwic na kamfanoni biyu sai an mayar da kowanne wani yanayi na musamman, yanayin zama da baƙo, kuma a nan ake tafka asara. Tsarin ya tanadi lambobi daga 1 zuwa 239, amma a wannan yanayi sukan taƙaita daga 97 zuwa 127, wato suwic 31 kacal, don a yi daidai da na'urorin wani kamfani mai suna McDATA. Dabarar ɗaure wayoyi da yawa su zama babbar hanya guda ba ta aiki tsakanin kamfani da kamfani. Lokutan jira, daƙiƙa 2 da daƙiƙa 10 da aka saba, dole su zo ɗaya a ko'ina. Wanda ya fi ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya shi ne jerin iyakoki, wanda ke faɗin kwamfutar da aka yarda ta ga wane akwati. Idan ɓangarorin biyu suna da jeri mai suna ɗaya amma abin da ke ciki ya bambanta, sai hanyar ta rufe kanta. Waya na jone, koriyar fitilar Brocade na ƙyaftawa a hankali, amma babu abin da ke wucewa. A kira wannan kamfani ya nuna wancan, wancan ya nuna wannan, aikin jama'a kuwa na tsaye.

Kasuwar ma ta tsuke. Brocade ya sayi McDATA a 2007, ya janye yanayin zama da baƙo daga manhajarsa a 2011, shi ma kamfanin Broadcom ya saye shi a 2017. Yau kusan Brocade da Cisco ne kaɗai a fagen.

Maganin da ya yi aiki ta wata ƙofa ya shigo. Tunda ba a sarki biyu a gari ɗaya, sai aka sa suwic ɗaya ya ajiye rawani, ya gabatar da kansa a matsayin kwamfuta kawai. Ba ya neman lamba, ba ya riƙe jerin iyakoki, sai dai ya miƙa kwamfutocin da ke bayansa ga babban suwic ya yi musu rajista. Cisco na kiran wannan NPV, Brocade kuma Access Gateway. A ganina wannan ce dabara mafi hankali da aka yi a fannin.

Duk wanda ke riƙe da ɗakin bayanan ma'aikata, kada farashi kaɗai ya ja shi ya cakuɗa suwic na kamfanoni biyu. Dama al'ada ce a gina hanyoyi biyu da ba sa taɓa juna, don idan ɗaya ta faɗi ɗayar ta riƙe. In ana sauya kamfani, a kwashe hanya ɗaya tukuna, a tabbatar ta zauna, sannan a taɓa ta biyu. Kafin a biya ko kobo kuma, mai sayarwa ya rubuta ya sa hannu cewa zai ɗauki nauyin haɗin idan ya samu matsala.