YABON GWANI A ASIBITI: WA AKE KIRA, WA AKE MANTAWA?

Ranar 12 ga watan Mayu ta kowace shekara ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya, mako guda cif bayan ta ungozomai, wadda ke faɗowa ran 5 ga wata. A irin waɗannan ranaku akan kafa rumfuna, a jera kujeru, magabata su yi jawabi, wani lokaci kuma a kira sunayen waɗansu ma'aikata a miƙa musu takardar yabo. Abu ne mai kyau, domin Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Sai dai kafin a yabi gwani tilas a san ko wane ne shi, kuma a nan maganar take da wuya, saboda sau da yawa gwanin asibiti yana gida yana ramuwar barci a lokacin da ake tafi a ƙarƙashin rumfa, don kuwa a tsaye ya kwana.

An zaɓi 12 ga Mayu ne domin ita ce ranar haihuwar Florence Nightingale, Baturiyar Ingila da aka haifa a 1820, wadda a 1854 ta ja ragamar mata 38 zuwa asibitin soja na Sukutari a ƙasar Turkiyya, lokacin yaƙin Kirimiya. Abin da ta tarar a can shi ne cututtukan ƙazanta sun fi harsashi kashe sojoji, kuma yawancin aikin da ya ɗaukaka sunanta wanki ne da shara da abinci da ƙidayar matattu. Bayan rasuwarta da shekara biyu, wato a 1912, ƙungiyar Kurwa Ruj ta kafa lambar girma da sunanta, wadda ake bayarwa sau ɗaya a shekara biyu ga mutanen da ba su wuce 50 ba a faɗin duniya. Ke nan lambar da ta fi kowace daraja a aikin jinya tana ɗauke da sunan macen da ta yi suna da bokiti da buroshi.

Masu riƙe da dare

Duk wanda ya taɓa jinyar nasa a babban asibitin Yamai ko na Damagaram, ko a asibitocin jaha na Maraɗi da Tawa, ya san yadda yini ke bambanta da dare. Da safe lokotoro yakan zagaya, ya duba, ya rubuta magani, ya wuce zuwa wani ɗaki, domin marasa lafiya sun fi ƙarfin yawan likitoci. Daga nan zuwa wata safiyar, ran majinyaci yana hannun waɗansu mutane ne dabam: anfirmiye mai gadin dare wanda zai lura ƙarin ruwa ya ƙare ko jijiya ta toshe, ungozomar da za ta gane jinin da ke zuba bayan haihuwa ya wuce kima, matar da ke share ɗaki da wanke kayan aiki, leburan da ke tura gadon majinyaci daga ɗakin gaggawa zuwa na tiyata, direban motar asibiti da ke keta rairayi cikin duhu, da mai gadin ƙofa wanda shi ne mutum na farko da mai naƙuda ke gani. A bayansu duka akwai mai kula da ɗakin ajiye gawa, wanda ba a cika son gaisawa da shi ba, alhali kuwa shi ke suturta asirin kowa.

Aikin waɗannan mutane ba ya bayyana sai annoba ta zo. A 2018 kwalara ta ɓulla a yankin Madarunfa ta kama mutane fiye da dubu 3 a ƙasar. A sansanin kwalara, maganin da ya fi kowane ceton rai shi ne ruwa, a sha ko a ƙara ta jijiya, amma abin da ke hana cutar fita daga sansanin ta koma gari shi ne ma'aikacin tsabta mai goyon tankin feshi. Shi ke haɗa ruwan kulor kashi uku: mai ƙarfi ƙwarai na amai da bayan gida da gawa, matsakaici na gadaje da daɓe da tufafi, da mai sauƙi na wanke hannu. In ya yi kuskuren awo, ko ya gaji ya bar mutum ɗaya ya fita ba a fesa tafin ƙafarsa ba, aikin likitoci goma ya tashi a banza. Da wuya a ji an ambaci irinsa a jawabin rufe sansani.

Haka lamarin yake a ɗakunan tamowa. A shekarar yunwa ta 2005, ƙungiyar likitocin nan ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar, akasarinsu a jahar Maraɗi. Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa ba ya jure dogon dare ba tare da abinci ba. Sukarin jininsa kan faɗi, jikinsa ya yi sanyi, ya cika kafin asuba. Don haka ake ba shi madara ta musamman kowace awa biyu ko uku, dare da rana, kaɗan-kaɗan, wani lokaci ta siririn tiyo da ake zurawa ta hanci. Mai dama madarar, mai tada uwar da gajiya ta kayar da ƙarfe uku na dare, mai lallashinta ta rungume yaron a ƙirji don ya ji ɗumi, galibi ƙaramin ma'aikaci ne wanda kwantaraginsa ke ƙarewa da ƙarewar lokacin wahala.

Sanƙarau ma ya bar nasa tarihin. A 1995 ya kama mutane sama da dubu 40 a Nijar, shekara guda bayan an karya darajar kuɗin sefa da rabi, magani ya yi tsada, kuma a zamanin da ma'aikatan gwamnati ke bin bashin albashi na watanni. Duk da haka an samu waɗanda suka kwana suna yin allura a ƙarƙashin rumfunan zana. Shekara 20 bayan haka, a 2015, wani nau'in cutar ya dawo ya kama kimanin mutum 8,500, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki, cibiyar Lazare kuwa ta cika ta batse. Su ne dai suka sake tsayawa.

A karkara kuwa babu ma wanda za a miƙa wa aikin. A cibiyar kiwon lafiya ta ƙauye, majo shi ne likita, shi ne mai magani, shi ne mai lissafi, shi ne mai hawa babur ya kai rigakafi rugage, kuma wayarsa ba ta da ranar hutu. Ƙasa da shi akwai ƙananan ɗakunan shan magani da aka gina da yawa tun daga 2001 a zamanin Shugaba Tandja Mamadou, waɗanda ma'aikata masu horon ƴan watanni ke riƙe da su. Wani bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma ya lissafa waɗannan ɗakuna cikin dalilan nasarar, tare da gidan sauro da maganin yara kyauta da yaƙi da tamowa. Ƙasa ta sha yabo a duniya a kan wannan, kuma ta cancanta. Amma in aka tambayi wanda ya auna numfashin yaro a wani ƙauyen Mayayi ko Tanut ya gane ciwon huhu ne, sai a tuna da karin maganar nan ta kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da majinyata ke faɗi

Akwai ɗan kasuwar da zai karanta wannan ya girgiza kai, domin ya tuna ranar da aka daka wa matarsa tsawa tana kan gwiwa, ko ranar da aka bar tsohonsa a kan benci don ba shi da kowa a ciki. Ba ƙarya yake yi ba. A 2003 masu bincike biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun fitar da littafi kan yadda ake karɓar marasa lafiya a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, kuma abin da suka gani bai yi daɗin ji ba: wulaƙanta wanda ba a sani ba, fifita ɗan'uwa da mai hali, ƴan kuɗin da ake karɓa a bayan fage. Sun kuma lura da wani abu da ya shafi wannan magana kai tsaye, wato yadda aiki ke gangarowa ƙasa: mai shara kan yi allura, lebura kan ɗaure rauni, ɗan sa-kai da ba ya karɓar albashi kan riƙe gadin dare, yayin da mai takardar shaida ba ya wurin.

Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa karramawa ta wuce ado. A asibiti ɗaya, a ɗaki ɗaya, akwai mai zuwa da ƙarfe bakwai da rabi da mai zuwa da hantsi, akwai mai gaida tsohuwar ƙauye da ladabi da mai harararta, kuma ƙarshen wata albashinsu ɗaya, ƙarin girmansu ya danganta da shekarun aiki. In haka ta ɗore, na kirkin yakan gaji. Wani ya nemi aiki a ƙungiyar agaji mai biya da kyau, wani ya koma asibitin kuɗi, wani kuwa, wanda shi ne mafi muni, ya zauna ya koyi halin abokin aikinsa. Cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai ta ba irin waɗannan na kirkin suna, tana kiran su masu gyara daga ciki, domin a ganinta gyaran asibiti zai fi saurin fitowa daga hannunsu bisa ga fitowa daga takardun da ake rubutowa a ƙetare. Da ma akwai su a ko'ina, kuma majinyata sun san su. Mata a unguwa sun san ranar da ungozoma wance ke gadi, har sukan yi fatan naƙuda ta zo a ranar.

Ga kuma laifin da ake ɗora wa ma'aikaci wanda ba nasa ba ne. Tun 2006 doka ta ce jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ce, gwamnati za ta biya cibiyoyi daga baya. Biyan ya yi ta jinkiri na shekaru, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe. Uban da aka gaya wa a rediyo cewa kyauta ne, sannan aka miƙa masa takarda ya je farmasi ya saya, ba ya ganin baitulmali. Anfirmiye yake gani, shi yake zagi.

Yadda ake yabon

Hanyoyin karramawa suna nan a tsarin aikin gwamnati: wasiƙar jinjina, takardar shaidar gamsuwa, da lambobin girma na ƙasa da akan rataya a manyan bukukuwa. Matsalar ita ce sunaye suna hawa ne ta hannun shugabanni, kuma shugaba ya fi ganin wanda ke kusa da ofishinsa. Sau da yawa yabon kan iso ranar ritaya, lokacin da ba zai ƙara wa kowa ƙwazo ba, ko ma a bakin kabari. Ɗan kwantaragi da ɗan sa-kai kuwa, tun da ba su cikin jerin cikakkun ma'aikata, da wuya takardarsu ta kai teburin da ake sa hannu.

Akwai misali ɗaya da ya kamata a riƙe. Makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ƙasa da ke Yamai tana ɗauke da sunan Damouré Zika, ɗan sarkawan kogin Kwara, ma'aikacin jinya wanda ya daɗe yana duba marasa lafiya a unguwar Lamorde, ya rasu a watan Afrilu na 2009. Kowane ɗalibi da ke shiga ƙofar makarantar yana wucewa ƙarƙashin sunan anfirmiye, abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasashen da gine-gine ke ɗaukar sunayen shugabanni da manyan likitoci. Amma gaskiya ita ce duniya ta san Damouré ne ta finafinan da ya yi da Jean Rouch, irin su Jaguar da Cocorico Monsieur Poulet. Takwarorinsa da ba su taɓa tsayawa gaban kamara ba sun yi ritaya sun koma gida shiru.

Abin da zai sa karramawa ta yi tasiri ba shi da tsada. Shaidar majinyata da ta abokan gadin dare ta fi ta ofis inganci, kuma cibiyoyin kiwon lafiya suna da kwamitocin gudanarwa da wakilan jama'a ke ciki, waɗanda za su iya tattara wannan shaida. Ya kamata a ware wa masu shara da leburori da direbobi nasu rukunin, domin in aka haɗa su takara da masu digiri ba za a taɓa kiran su ba. Kuma takarda ita kaɗai ba ta cika tukunya: ga ɗan sa-kai da ya shekara biyar yana gadi, karramawar da ta dace ita ce a ɗauke shi aiki, ga mai share ɗakin haihuwa, safar hannu da takalmin roba da rigakafin ciwon hanta, ga majon ƙauye, a sa aikinsa cikin lissafi ranar da ake rabon gurbin ƙarin karatu ko canjin wurin aiki.

Ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Ƙonni sun saba kai shinkafa da sabulu da tabarmi ga majinyata, wasu ma har gina ɗaki suke yi. Kaɗan daga cikin wannan alheri, in ya bi ta hannun kwamitin cibiya a bainar jama'a, ba a asirce zuwa aljihun mutum ɗaya ba, zai isa a saya wa ma'aikacin da unguwa ta zaɓa keke ko buhun hatsi sau ɗaya a shekara. Sharaɗin kawai shi ne a sa bukin a lokacin da masu gadin dare za su iya halarta.